Yarona ya kafe sai shigar mayaƙi mai sulke, da me zan haɗa masa a gida?

Maman_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Makarantar su Haidar za su yi bikin ƙarshen zango nan da sati biyu, an ce kowane yaro ya zo da shigar da yake so. Shekararsa shida. Tun da ya ga wani katun na mayaƙan Turawa na da, masu sulken ƙarfe tun daga kai har ƙafa, da garkuwa da takobi, ya kafe shi dai wannan zai saka. Na tambayi masu kawo kaya ta intanet, kuɗin da aka yanka min ya fi na littattafansa na zango guda, kuma ba tabbas ya iso kafin ranar. Abin da nake da shi a gida: kwalin firji guda, kwalayen Indomie, tsohon bargo da keken ɗinki. Wa ya taɓa haɗa irin wannan? Hular ce ta fi ɗaure min kai.

Anti_Rabi_Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, kwalin firjin nan ya ishe ki har da ragowa. Na yi wa jikana bara. Ki fara da sulken ƙirji: ki auna shi daga kafaɗa zuwa cibiya, kada ya wuce nan, in ya wuce ba zai iya zama ba, kwalin zai riƙa tokare masa haɓa. Ki yanka guda biyu, gaba da baya. Kafin ki sa wuƙa ki duba gefen kwalin, za ki ga ƙananan ramuka a jere. Ki yanka yadda ramukan za su miƙe daga sama zuwa ƙasa, ta haka ne zai lanƙwasa ya bi haƙarƙarinsa. In suka kwanta a gicciye, karyewa zai yi a tsakiya. Bayan kin yanka sai ki naɗe shi a jikin taɓarya ki murza a hankali har ya yi laushi. Kafaɗu ki haɗa da ƙyalle, gefe da gefe kuma lastik. Duk bakin da wuƙa ta bi ki rufe shi da salatif, don bakin kwali yana yanka wuya da hammata.

Baban_Ikram:
Don ƙyallin ƙarfe, a tara ledojin madarar gari, a farke a juya cikinsu, fari ne tas yana walƙiya. A wanke a shanya a manna da Top Bond. Ya fi takardar foyil ƙwari, ita da yaro ya jingina da bango ta yage.

BaKano_Na_Dabo:
Hajiya Maman Haidar, a gafarce ni, tambaya gare ni. Me ya sa sai na Turawa? Mu da muke da 'yan sulke da 'yan lifidi da 'yan kwalkwali, duk Sallah suna wucewa ta Ƙofar Kudu ido na ganinsu? Rubutaccen tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin rundunar Kano, saboda asarar mayaƙa da aka yi a yaƙin Umbatu. Yau sama da shekara 600 ke nan. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Mutane suna tasowa daga ƙasashe su zo kallon Hawan Daushe, namu yaran kuma ba su san sunan abin da mahayin ya saka ba. Wannan abin yana damuna ƙwarai.

Ummu_Nana:
Malam BaKano gaskiya ka faɗa, amma fa yaro ne ɗan shekara shida. Abin da ya gani shi yake so. In uwar ta kwana tana ɗinka lifidi ya tashi da safe ya ce ba shi ba ne, kuka za a sha a ƙofar makaranta.

BaKano_Na_Dabo:
To a nuna masa namu mana. Hotunan bidiyon Hawan Daushe da Hawan Nasarawa sun cika YouTube. Ba na jin akwai yaron da zai ga ɗan kwalkwali da gashin jimina yana rangaji a kansa, doki ya sha ado har ƙasa, ya ce bai so.

Telan_Fagge:
Ni dai a sana'ata zan yi magana. In za a yi lifidi, ba abin da ya fi shi sauƙi a wurin mai keke. Yadi biyu ne, a shimfiɗa abu mai laushi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi, tazarar yatsa biyu tsakanin layi da layi. Na asali da audugar rimi ake cusawa. Ke da kike da bargo, ki yanka shi siffar riga 'yar shara marar hannu, ki rufe da ragowar yadi ja da ɗorawa ko kore, ki yanka su gida-gida kamar dara ki jera. Ki fara ɗinkin daga tsakiya kina fita gefe, in kin fara daga gefe bargon zai tattaru ya yi ƙulli a tsakiya. Allura mai kauri za ki sa, irin ta ɗinkin jins. In babu ƙyallaye a gida ki leƙa shagon kowane tela, mu a buhu muke tara su, ba wanda zai hana ki. Kuma wannan ko bayan biki zai saka abinsa lokacin sanyi, shi kuwa kwali ranar kaɗai zai yi.

Nas_Bilki:
Don Allah kafin a ci gaba a saurare ni, aikina ne ganin abin da irin wannan ke jawowa. Yanzu zafi ake yi, a Kano rana tana wuce digiri 40 a watan Afrilu. Yaro cikin bargo ko cikin kwalin da aka lulluɓe da leda, an tsayar da shi a filin makaranta ana jiran babban baƙo, jiri zai ɗebe shi. Duk wanda za a yi, gefe ya zauna a buɗe iska na shiga, a ciki ya sa singileti ta auduga kawai, kuma ya iya cirewa da kansa in fitsari ya kama shi.

Sai maganar gam. Kada a ɗiga sufa gulu a kan auduga ko yadin auduga, zafi yake ɗauka nan take har ya ƙona fata, balle a ce rigar tana jikin yaro. Audugar rimi da Telan Fagge ya ambata kuma wuta take kamawa da ƙyar ta ga tartsatsi, kada a kusanci risho ko gawayi da ita. Fentin feshi a yi shi a tsakar gida, yara ba sa kusa, a bar shi ya sha iska har warin ya tafi, musamman abin da za a sa a kai. Kada a ɗaura igiya a wuya da sunan alkyabba, a manna ta a kafaɗa yadda in wani ya ja za ta ɓalle.

Telan_Fagge:
Ranki ya daɗe Nas, na yarda da maganar zafi. To a bar bargon, a sa tsohon zani ninki biyu. Layin ɗinkin ne ke nuna lifidi ne, ba kaurin ba.

Abu_Sumayya:
Akwai abin da ban ga kowa ya taɓo ba. Yawancin waɗannan mayaƙan na katun, a ƙirjinsu da garkuwarsu akwai jan gicciye. Wannan alamar rundunonin da suka taso daga Turai ne zuwa yaƙin Ƙudus tun daga 1096, waɗanda Salahuddin Al-Ayyubi ya ci da yaƙi a Hiɗɗin a 1187 ya karɓe birnin. 'Yar'uwa in kina kwaikwayon hoto ki lura, kada ki zana wa ɗanki abin da ba ki san ma'anarsa ba. Shi sulke kansa ba na wata al'umma ba ne. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Dawuda (AS) da Allah ya tausasa masa ƙarfe ya koya masa saƙar sulke, a Suratul Anbiya aya ta 80 da Suratu Saba aya ta 10 da 11. Manzon Allah (SAW) ma sulke biyu ya saka ranar Uhudu.

Maman_Grace_Wusasa:
Malam Abu Sumayya ni Kirista ce, kuma na yarda kowa ya san abin da yake zanawa a rigar ɗansa. Ko ni da na yi wa nawa ban sa gicciye a garkuwar wasa ba, don a wurinmu ba abin da za a riƙa jifa da shi a ƙasa ba ne. Dagin Arewa na zana masa da baƙin alli mai mai, kowa ya yaba. Wani kuma zaki ya sa, wani harafin farkon sunan yaron.

Abu_Sumayya:
Madalla da wannan bayani, Maman Grace. Dagi ya yi.

Zainab_Leeds:
Bari in ɗan sa baki a gardamar na Turawa da namu. A nan Leeds akwai gidan tarihin makamai da ake kira Royal Armouries, muna kai yara. Abin da mutum zai lura da shi, sulken faranti da ya rufe jiki duka, wanda Haidar ya gani, bai cika ba sai wajen ƙarni na 15. Kafin nan ɗaruruwan shekaru mayaƙan Turai sulken zobba suke sakawa, irin namu sak, a ƙarƙashinsa kuma riga mai cushe da aka ɗinke layi-layi, wadda ba ta da maraba da rigar ɗan lifidi. Cikakken na faranti yana kai kilo 20 zuwa 25. Don haka Maman Haidar, in kin yi riga mai layin ɗinki, hannuwa na raga, kika ɗora farantin ƙirji na kwali a sama, kin yi shigar da ta dace da tarihin ɓangarorin biyu, ba wanda zai ce kin yi kuskure.

BaKano_Na_Dabo:
Zainab na ƙaru da ke. Amma hular dai ina nan kan bakana, kwalkwali da rawani a naɗe a gindinsa. Wannan tukunyar da Turawa ke kifawa mai 'yar tsaga a ido ba ta ƙasar zafi ba ce.

Hajiya_Nima_Accra:
Maganar hannuwa na raga da Zainab ta yi, ku nemi soson wanka mai raga, dogon nan da muke kira sapo a nan Gana, na san yana kasuwanninku. Ku sayi baƙi ko ruwan toka, ku farke shi ku ɗinka a kan hannun baƙar riga. Daga nesa ba mai cewa ba zobban ƙarfe ba ne. Sabo za a saya a jiƙa shi a ruwan zafi ya yi laushi, don yana da kaushi.

Baban_Ikram:
Ko tsohon gidan sauro.

Nas_Bilki:
A'a Baban Ikram, ban da wanda ake rabawa a asibiti. Da maganin kashe sauro a jikin zarensa, in ya haɗu da zufa yana sa ƙaiƙayi da zafin fata. Soson Hajiya ya fi.

Dan_Masani_Kurna:
Ni abin da ke ci min rai daban ne. Wai su makarantun kuɗin nan yaushe za su tausaya wa iyaye? Yau ranar al'adu, gobe ranar sana'a a sayo rigar likita, jibi bikin yaye 'yan nazare da hula da alkyabba. 'Yata ta dawo tana kuka zangon da ya wuce saboda wata ta zo da rigar da aka sayo daga Dubai, ita kuma da wadda uwarta ta haɗa. Uba yana ta fama da kuɗin makaranta da na mota, a ƙaro masa gasar da ba a ce gasa ba ce. Wallahi ba daidai ba ne.

Malama_Hadiza:
Baban yara, na ji zafin maganarka, ni malamar firamare ce kuma uwa. Inda nake koyarwa mun zauna da shugabar makaranta muka sa sharaɗi: duk shigar da za a zo da ita a gida za a haɗa ta, kuma yaro ya tsaya ya faɗi da me aka yi, wane ɓangare ya yi da hannunsa. Sai ga shi yaron da ya zo da garkuwar faifai yana da abin faɗa fiye da kowa, domin shi ya shafa fentin, ya san inda kakarsa ta ɗinka mariƙin. Ku kai wannan shawara taron iyaye da malamai. In iyaye biyar suka tashi suka faɗa, za a saurara.

Maman Haidar, ki bar shi ya yi aikin da zai iya. Ke ce mai wuƙa da almakashi, shi ne mai manna leda da zanen garkuwa. Ko ya karkace ki bar masa.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Zinder ma ranar Sallah dawakin Sultan suna fita, kuma wanda ya taɓa ganin mahayan Dosso ya san lifidi bai mutu ba, doki da mai shi duk a lulluɓe da ja da ɗorawa. Muna yara ba mu san kwali ba. Ƙoƙo muke kifawa a kai, a huda gefe biyu a sa zare, a soka gashin zabo a sama. Takobi na kara, garkuwa murfin tukunya. Ku gwada ƙaramar ƙwarya don hular, ba nauyi, kuma ba ta jiƙewa da zufa.

Anti_Rabi_Gwammaja:
Ƙwarya tana da kyau amma in ya faɗi ta fashe bakinta kaifi ne da shi. Ni balan-balan na hura daidai girman kansa, na dama sitaci da ɗan kauri, na yayyaga tsohuwar jarida ina tsomawa ina shimfiɗawa a rabin sama. In shafi ɗaya ya bushe a rana sai a ƙara wani, har ya yi tauri in an ƙwanƙwasa. Sannan a fasa balan-balan ɗin a gyara bakin. A zuba ɗan gishiri a sitacin saboda fumfuna. Yanzu da ake rani aikin zai yi sauri, da damina ce da ban ba ki wannan shawarar ba.

Kaka_Mai_Carbi:
'Ya'yana ina karanta ku tun ɗazu. Ni takobin ne hankalina bai kwanta da shi ba. A unguwarmu muna ganin abin da 'yan daba ke yi da wuƙa da barandami, yara ƙanana suna kallo suna kwaikwayo. Yanzu kuma uwa da hannunta ta sassaƙa wa ɗa makami ta ce je ka makaranta? A yi rigar, a yi hular, a bar takobin.

BaKano_Na_Dabo:
Allah ya ƙara girma Kaka. Amma dokin kara fa? Mun yi shi, iyayenmu sun yi, har yau a cikin birni yara suna naɗa sarkinsu da hakimansu su yi hawan dokin kara, da dogarai da 'yan bindiga na wasa. A nan muka koyi jerin gwano da yadda ake jinjina da wanda ke gaba da wanda ke baya. Abin da ya lalata yara ƙwaya ce da rashin mai kwaɓa, ba takobin kara ba.

Kaka_Mai_Carbi:
Zamanin dokin karanku kowane babba a layi yana iya tsawata wa ɗan kowa. Yanzu fa? Ni dai na faɗi tawa.

Ummu_Nana:
Tsakanin maganar Kaka da ta Malam akwai hanya. A al'ada ai ba a yawo da takobi tsirara, a kube yake, a rataye da hamila a kafaɗa. Ki yi masa kuben da ƙotar kawai, a manne, ba ruwan takobi a ciki. Ado ya samu, ba abin zarowa. Ni haka zan yi wa Nana, don tun da ta ga hoton da Anti Rabi ta turo ta ce ita Sarauniya Amina ta Zazzau za ta fito.

Maman_Grace_Wusasa:
Kai, Allah ya nuna mana Nana da kwalkwali! Amma namiji ɗan shekara shida zai yarda da takobin da ba ya zaruwa? Nawa da soson tsohuwar katifa na yanka masa, na sa siririn kwali a tsakiya iya rabi, tsinin ya zauna soso zalla. Ko ya kai wa wani ba abin da zai same shi.

Malama_Hadiza:
A tambayi malamar ajinsu tukuna. Wasu makarantun a ƙofa suke karɓe duk wani abu mai kama da makami, ko na soso ne.

Maman_Haidar:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda aka kwana. Babansa ya nuna masa bidiyon Hawan Daushe, ya kalla har ƙarshe, ya ce yana son gashin da ke kan hular da kuma doki, amma farantin ƙirji mai ƙyalli yana nan, ba ya canzawa. Don haka hanyar Zainab na bi. Rigar ciki da zani ninki biyu kamar yadda Telan Fagge ya ce, na gama layukan gaba. Farantin ya lanƙwasu da taɓarya yadda Anti Rabi ta faɗa, shi kuma yana ta manna ledar madara. Garkuwa faifai ne, dagi a tsakiya. Takobi na tura wa malamarsu saƙo ina jiran amsa. Saura hular: ta jaridar ta bushe ta yi kyau, amma da ya juya kai sai ta zamo ta rufe masa ido.

Telan_Fagge:
Ki ɗauki tsohuwar hularsa ta Juma'a wadda ta kama kansa, ki cusa a ciki ki ɗinke su tare ta wuri huɗu da zare mai kauri. Hular ce za ta riƙe kan, ta jaridar tana bisa.

Anti_Rabi_Gwammaja:
Allura za ta iya tsaga jaridar in ta bushe sosai. Ki fara hudawa da ƙusa mai zafi, ko kuma ki manna yankan soso a ciki ta goshi da ƙeya, shi ma yana hana zamewa.

Nas_Bilki:
In za ki sa maɗauri a haɓa, lastik siriri, ko irin abin manne takalmin yara da ake ɓarewa. Ban da igiya mai ƙulli. Kuma ki huda ƙananan ramuka a saman don iska.

BaKano_Na_Dabo:
Rawani zai magance wannan duka. A naɗa siririn farin yadi zagaye biyu a gindin hular, a zago da shi ƙarƙashin haɓa a soke a gefe. Babansa ya naɗa masa da safe.

Ummu_Nana:
Wa zai sake naɗa masa in ya warware a makaranta, Malam? Malama ɗaya ce da yara cike da aji.

Dan_Damagaram:
To dokin fa da yaron ya ce yana so? Yanzu da rani a cikin birni ina za ku samu karan dawa mai tsawo? In babu, sandar tsintsiyar mofa da tsohuwar safa a cusa tsumma ta zama kan doki, a yi geza da zaren saƙa. Anti Rabi, in akwai ragowar kwalin firjin a wurin Maman Haidar, zai isa a yanka wa dokin nasa lifidin ko sai an nemo wani?